Inda Kira ke Yankewa

Ku yi mini afuwa, na san na bar ku kwana tara babu labari. Masu turo mini saƙo kuna cewa "ko an ɗaura ne ba mu sani ba?", ku kwantar da hankalinku. Babu abin da aka ɗaura sai wayoyi shida da nake ɗaurewa da salatif a gaban motar makaranta kullum safiya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da shida, ina digiri na biyu a fannin sadarwa, ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gaban Umma da Abba. Akwai mai sona, likitan haƙori ne, tsakanin asibitinsa da gidanmu tafiyar minti goma. Akwai kuma wani, wanda sai jirgi ya yi awa bakwai a sama kafin ya kai inda yake. Bari dai mu bi a hankali.

Idan aka tambayi Umma aikina, cewa take, "Yawo take da wayoyi a mota." Ba ta yi ƙarya ba. Kun san yadda kowace tashar rediyo take da zangonta? To wayoyinmu ma a kan zango suke tafiya, kuma zangon kamfanonin waya ya cika maƙil, shi ya sa da yamma sabis yake ja da ciki. A gefe kuma ga wani zango na masu hasashen yanayi, wanda na'urarsu ta hangen hadari take amfani da shi, mafi yawan lokaci yana zaune babu kowa a kai. Bincikenmu shi ne: ko wayoyi za su iya aron zangon nan idan masu shi sun yi shiru, su sauka da zarar sun dawo, ba tare da mai kira ya ji komai ba?

Wanda ya ƙera akwatin da yake sauraro ya ce wa wayoyi "ku sauka", shi ne Dogo. Haka kowa yake kiransa a ɗakin bincike, saboda sai ya sunkuya yake shiga motar. Shekara guda muka yi ina zama a kujerar baya da kwamfuta a cinya, shi yana gaba da wayoyin. Rigarsa kullum aljihunta ya zazzago saboda sukundireba. Ni kuma ya laƙaba mini Jan Biro, don babu lissafin da zai miƙo mini ya dawo masa babu gyara. Takardar da ya rubuta ta ce akwatin yana aiki, kira ba ya yankewa ko ɗaya. Takardar nan ce ta samo masa gurbin digirin digirgir a waje. Wata bakwai ke nan da tafiyarsa.

Da farko kullum sai ya turo saƙo. Hoton tagar ɗakinsa, hoton tukunyar da ya ƙona, hoton safa uku da ya haɗa a ƙafa ɗaya saboda sanyi. Daga baya ya koma sati-sati. Saƙonsa na ƙarshe ya yi kwana arba'in da ɗaya: "Ya aiki? A gaida Baba direba." Na amsa, "Lafiya lau, zai ji." Shi ke nan. Kada ku tambaye ni sau nawa nake buɗe wannan shafin a rana in ga ko yana kan layi. Ni kaina na daina ƙirgawa don kunya.

Yanzu wani kamfani, da ya riga ya sa akwatin Dogo gwaji a wasu unguwanni, yana so ya baza shi a duk ƙarafan sabis na gari, shi ne Farfesa, mai kula da bincikenmu, ta ce in sake awon daga farko, ya zama shi ne kundina. Ranar Litinin muka fita da Baba, direban sashenmu, dattijo mai carbi a madubi da rediyon da ba a yarda ya kunna ba. Dokar motar ke nan: wayoyin suna kiran junansu, suna naɗar duk abin da suka ji don a auna tsabtar murya, saboda haka ba a magana.

"Shekara talatin ina tuƙi," in ji Baba kafin mu tashi, "ban taɓa ɗaukar fasinja masu rashin gaisuwa irin waɗannan shida ba."

Hadari ya haɗo tun hantsi. A fuskar kwamfutata taswirar gari ce, duk inda muka wuce sai ɗigo ya fito, kore idan kira ya tafi daidai, ja idan ya yanke. Muka wuce kasuwa, kore. Muka wuce tashar mota, kore. Muna karya kwana zuwa layin da yake bayan asibitin haihuwa, iska ta taso, sai ja. Ja kuma. Ja kuma.

"Baba, tsaya."

Na ɗauka waya ce ta kwance. Na duba kowace igiya, na sake kunnawa. Cikin kira goma, bakwai suka yanke. Ina cikin haka na ɗaga kai, na hango wani mutum a bakin ƙofar asibitin, takalminsa wari da wari, ya ɗaga waya sama yana zagaye kamar mai neman inda zai rataye ta.

"Inna! Inna, kina jina? Sun ce jini ake... Inna!"

Ya duba wayar, ya sake kira. Ya sake kira. Yayyafi yana jiƙa masa kafaɗa. Baba ya fita ya miƙa masa tsohuwar wayarsa mai madannai, wadda ba ta san wani zangon aro ba. Kira ya shiga nan take. Ni kuwa ina zaune da wayoyi shida na zamani, ko ɗaya ba ta yi masa amfani ba.

Muka dawo Talata, muka dawo Laraba. Duk lokacin da hadari ya haɗo, na'urar masu hasashe ta tashi da ƙarfinta, akwatin Dogo sai ya makara wajen sauke wayoyi a wannan layin, kira ya faɗi. Shi da rani ya yi awonsa, lokacin da na'urar take barci. Haka na ce wa kaina, haka kuma na yi ta maimaitawa har gida: ba laifinsa ba ne, bai sani ba.

Na tarar da motar Likita a ƙofar gida. Umma ta tare ni a tsakar gida, ta dube ni daga sama har ƙasa: doguwar rigata ruwan toka da laka a gindinta, takalmin roba, jakar kwamfuta ta karkatar mini da kafaɗa.

"A haka za ki fita wurinsa?"

"Umma, na gaji."

"Shi ma daga aiki yake, amma dubi rigarsa ko lanƙwasa babu. Ki sa shuɗiyar nan da yayarki ta kawo miki. Ki shafa wani abu a leɓenki, kamar wadda ta tashi daga jinya."

Na sa shuɗiyar. Ku ji ni da kyau, ba zan yi wa Likita ƙazafi don labarina ya yi daɗi ba. Mutumin kirki ne. Idan zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu, shi da ya fi kowa kyawun haƙora. Ranar ya kawo mini matashin kujera na musamman, wai ya lura ina dafa bayana idan na tashi.

"Zaman motar nan ne," ya ce. "Ki riƙa sa shi a baya."

Na yi godiya. Wallahi har raina na ji daɗi, kuma jin daɗin ne ya fi damuna.

"Injiniya," ya ce yana juya kofin shayi a hannunsa, "wata biyar ke nan ina zuwa. Ba na so in takura miki. Amma Abba ya tambaye ni inda muka kwana, ban san me zan ce masa ba. Zan dawo jibi. Ko me kika ce, zan ɗauka."

Na ce to. Na raka shi bakin ƙofa. Da na dawo Umma tana naɗe kayan wanki a kan gado, ba ta ɗago ba ta ce, "Ba wanda zai yi miki dole a gidan nan. Amma ki gaya mini, me kike jira? In mutum ne, ya fito mu gan shi. In kuma waya ce kike jira ta yi ƙara, to ni dai ban taɓa ganin an zauna da waya ba."

Me zan ce? Ina jiran mutumin da ya tambaye ni sau ɗaya, na ce masa ya bari?

Eh, wannan ban taɓa gaya muku ba. Ga shi yanzu.

Washegari da sassafe na shiga ɗakin bincike, ba kowa sai ƙarar fanka. Na kunna babbar kwamfutar da tsofaffin awonmu suke ciki, ina so in tabbatar wa Farfesa cewa duk na rani ne. Folda-folda, kowace da kwanan wata. Na gwada da jerin da yake cikin takardar Dogo: kwana talatin da biyu. A kwamfuta kuwa talatin da uku. Ta ƙarshen an canja mata suna zuwa "kada a taɓa".

Ina ganin kwanan watan na gane ta. Ranar ruwan farko ce na bara, sati uku kafin ya samu gurbinsa. Ruwa ya tsuge mana a wannan layin dai, na bayan asibiti, abin goge gilashi ya tsaya, Baba ya fita da lema neman makaniki, ya bar mu mu biyu.

Na buɗe taswirar. Ja, ja, ja.

Ashe ya sani. Ya gani da idonsa, ya ɗauke ranar ya ɓoye, ya rubuta wa duniya cewa kira ba ya yankewa. Na tuna mutumin nan mai takalmi wari da wari. Na sa iyafis a kunne, na danna muryar farko da wayoyin suka naɗa.

Ƙarar ruwa a kan rufin mota. Sai tari. Sai muryarsa, kusa, kamar yana kujerar da ke gabana.

"Jan Biro. Na san ba a magana a motar nan, amma idan ban faɗa yau ba, ba zan iya ba. Ni fa duk lissafin da nake kawo miki, rabinsu da gangan nake ɓata su. Don ki zauna ki gyara, in samu in kalle ki. Na gaji da ɓata lissafi. Ina sonki. In kin yarda, ina so in..."

Ɗif. Kira ya yanke, daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Sauran ba sai na'ura ta tuna mini ba. Ya ce yana so ya zo gidanmu. Ni kuma na ƙura wa kwamfuta ido ba tare da na ga abin da yake kanta ba, kunnuwana suna zafi, na ce, "Ka bari in gama karatu tukuna." Ban ce a'a ba, ban ce eh ba. Na ɗauka lokaci yana nan jibge. Shi kuwa ya ce "to", ya juya, bai ƙara tayar da maganar ba har ya hau jirgi.

Sau goma sha ɗaya na saurara. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka irin wanda ba ya fitar da sauti, saboda masu shara suna baranda. Wata bakwai ban ji muryar nan ba. Na manta yadda yake jan numfashi kafin ya faɗi abu mai nauyi. Na gane dalilinsa: Farfesa tana sauraron kowace murya da kunnenta kafin ta sa hannu a kan awo. Sirrina ya rufa, ko nasa, ko namu. Amma tare da sirrin ya rufe jajayen ɗigon nan, kuma da ni da shi mun san ba shi da wannan ikon.

Na ɗauki hoton taswirar na tura masa. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Abin da ya tafi a ƙarshe shi ne: "Na buɗe foldar. Gobe zan kai wa Farfesa."

Minti biyu, alamar ta koma shuɗiya. Ya karanta. Sai "yana rubutu" ya fito a sama. Ya ɓace. Ya sake fitowa. Ya ɓace. Na zauna da wayar a tafin hannuna har cajinta ya koma ja. Babu amsa. Da muka gama awon ranar, a mota Baba ya leƙo ni ta madubi.

"'Yata, yau ko wayoyin sun fi ki surutu."

"Baba, idan ka san gaskiyar da za ta karya wani, kuma ɓoye ta zai cuci wasu, ya za ka yi?"

"Wanin nan dogo ne?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki faɗa," ya ce. "In yaron da na sani ne, zai ji zafi, amma ba zai riƙe ki ba. In kuma ya riƙe ki, kin huta da jira."

Ranar Juma'a da ƙarfe tara na ƙwanƙwasa ofishin Farfesa. Mace ce 'yar ƙarama, gilashinta a kan hanci, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ba a taɓa ganin wanda bai ji tsoronta ba. Na ajiye kwamfutar, na nuna mata awona na kwana uku, sannan na buɗe ta bara. Na so in tsallake muryar. Ta miƙo hannu.

"Iyafis."

"Ranki ya daɗe, wannan ɗin ba..."

"Iyafis."

Na tsaya ina kallon ƙasa, ina fatan ta tsage. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ko motsi. Ta cire, ta ɗauki biro ta rubuta a takarda.

"Daƙiƙa arba'in da ɗaya," ta ce. "Wannan shi ne namu. Sauran ba fannina ba ne."

Ta jingina da kujera. Ta ce za ta rubuta wa kamfanin yau su dakata, a kashe akwatin layin asibiti kafin azahar. Ta ce dole a gyara takardar a mujalla, da bayanin cewa an cire awon rana guda.

"Gurbinsa fa?" Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba.

"Suna iya karɓewa. Suna iya barinsa. Ba a hannuna yake ba." Ta dube ni ta saman gilashi. "Jiya da yamma ya rubuto mini, shafi biyu. Ya faɗi komai, kuma ya aika wa malamansa na can kwafi tun kafin in ce masa ya aika. Na so in ga ko ke ma za ki zo ne."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

"Wauta ya yi, babba," ta ce. "Na gaya masa. Je ki wanke fuskarki, akwai awo ƙarfe sha ɗaya."

Na yi awon. Layin asibiti ya koma kore tun daga farkonsa har ƙarshe, don an sauke kowa daga zangon aro. Ya kamata in yi murna. Amma duk ɗigon da ya fito sai in ji kamar da hannuna nake goge shekara guda ta aikinsa. Ya rubuta wa Farfesa shafi biyu, ni ko kalma ɗaya. Na ce a raina, shi ke nan, ya riƙe ni.

Bayan la'asar na isa gida. Motar Likita tana ƙofa, da wuri ya zo. Daga falo ina jin muryar Abba yana ba da labarin haƙorinsa da aka cire shekara ashirin da suka wuce, Likita yana dariya. Na lallaɓa ta baya na shiga kicin. Umma tana jera kofuna a tire, ta sa gyalenta mai ruwan zuma da ba ta sawa sai da babban baƙo. Shuɗiyar rigata tana rataye a ƙofar ɗakina, an goge ta.

Wayata ta yi motsi a jaka.

"Jan Biro. Kin kama ni, kuma wannan karon ba da gangan na ɓata ba. Na gode da ba ki rufa mini ba, ni na kasa yi wa kaina haka shekara guda. Kunyar abin ce ta hana ni yi miki magana, kullum na ɗauki waya sai in tuna foldar. An ba ni sati shida in zo in sake awo a cikin damina. Ban san ko zan koma ba. Ranar Lahadi zan sauka. Ba ni da komai a hannu yanzu sai jaka ɗaya da takardar da ake gyarawa. Amma kin kusa gama karatu. Ko har yanzu in bari?"

Na karanta a tsaye. Na sake karantawa, haruffan suna narkewa. Ban ji zuwan Umma ba sai da numfashinta ya taɓa wuyana. Ta gama karantawa tsaf, da ɗan motsa leɓe kamar yadda take yi.

"Wace ce Jan Biro?"

"Ni ce, Umma."

"Shi ne dogon nan da ya taɓa gyara mana fanka ya ƙi shan ruwa?"

Na gyaɗa kai. Ta dube ni, ta dubi ƙofar falo. Ta sa gefen gyalenta ta share mini ido, da ɗan ƙarfi, kamar tana goge tabo.

"Wata bakwai kina ramewa a gabana, kin bar ni ina zargin karatu," ta ce. "Ajiye wayar nan. Ba za ki amsa masa ba sai kin sallami bawan Allahn da yake falo. Bai yi miki laifin komai ba. Da bakinki za ki gaya masa, yau, ba ta saƙo ba."

"Abba fa?"

"Abbanki nawa ne. Ɗauki tiren."

Ban canja riga ba. Na ɗauki tiren, kofuna uku da butar shayi, na bi barandar da na bi sau dubu, amma yau kamar an ƙara mata tsawo. Na yi sallama, na tura labule da kafaɗa. Likita ya miƙe tsaye, fuskarsa cike da wani haske da ban taɓa gani ba. Abba ya buɗe hannuwa.

"Yawwa, ga ta nan. Zo ki zauna, Auta. Likita ya gaya mini yau ce ranar, na ce masa ni na san 'yata, ba sai an jira ba. Na riga na kira baffanki na yi masa albishir."

Na tsaya cak da tiren a hannu. A bayana, can cikin kicin, wayata ta soma ƙara.